Ƙura, Hayaƙi da Matacin Iska a Gidajenmu

 

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne matacin iska, watau abin nan da ake ɗaura wa na'urorin ɗumama gida da na sanyaya shi a ƙasashen Turai da Amurka, domin ya tare ƙura kafin iska ta isa ɗakunan kwana. Na san a cikin zauren nan akwai wanda zai ce a ransa, to, ina ruwan mutumin Achilafiya ko na Gwiwa da wannan, shi da ɗakinsa ko fanka babu? Tambayar tana kan hanya, kuma ita ce zan bi har in sauka. Abin da nake son nunawa shi ne, bukatarmu ga tsabtatacciyar iska ta fi ta waɗanda suka ƙera matacin nesa ba kusa ba, amma shi matacin, yadda suka ƙera shi, ba zai yi mana amfani ba sai mun riga mun gyara waɗansu abubuwa biyu, watau jikin ɗakin da kuma wutar da muke hurawa a cikinsa.

Bahaushe ba baƙo ba ne wajen tacewa. Matanmu suna tace gasara da mataci kafin su dama koko, suna tankaɗe gari da rariya, ruwan rijiya ma in ya gurɓace a kan sa ƙyalle a bakin tulu. Amma ruwan da baligi yake sha a yini bai wuce lita 2 ko 3 ba, in ba lokacin bazara ba. Iskar da yake shaƙa kuwa ta haura lita 10,000 a kowace rana ta Allah, yana barci yana farke, kuma ita ce kaɗai abin da ke shiga jikinsa ba tare da kowa ya tace ta ba.

Bari mu fara da ƙurar kanta. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas, gari ya yi fari fat, rana ta koma kamar faifai, leɓe ya tsage, jiragen sama su kasa sauka a Kano. Mafi yawan wannan hazo ba ƙurar gonakinmu ba ce. Babban tushensa wani kwari ne a arewacin ƙasar Chadi da ake kira Bodele, kudu da duwatsun Tibesti, ba nisa da garin Faya. Dubban shekaru da suka wuce wurin nan ƙasan tafki ne, zamanin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Da ruwan ya janye sai ya bar busasshen laka mai haɗe da ɓawon waɗansu ƙananan halittun ruwa, fari, marar nauyi kamar toka. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a indararo, ta faɗa wa kwarin nan da ƙarfi, ta ɗebi garin ta yi sama da shi. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya iso ƙasar Hausa, wani ma ya haye Tekun Atalantika har Amurka ta Kudu. Wani masanin labarin ƙasa, Grant McTainsh, ya auna saukar wannan ƙura a yankin Kano, ya buga sakamakonsa a mujallar Nature a 1980. Ƙasar Kazaure da Babura, da yake suna arewa da Kano, dab da iyakar Nijar, suna cikin waɗanda ke fara karɓar baƙon.

Kada in yi wa hazo rashin adalci. Abin da yake zubarwa a gonaki taki ne, kuma manomanmu sun daɗe suna cewa shekarar da aka yi hazo sosai mangwaro kan yi fure. Gona tana maraba da shi. Huhu ne ba ya so.

Masana suna auna ƙwayar ƙura da wani ma'auni da ake kira maikiron. In aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron. Kaurin silin gashin kan mutum yana tsakanin maikiron 50 da 70. Ƙurar da kuke gani ta kwanta a kan tebur ko kan sirdin keke, wadda ake rubuta suna a kanta da yatsa, manya ce, kuma Allah ya yi wa hanci gashi da majina domin tare irinta. Wadda ba ta kai maikiron 10 ba tana iya wuce hanci ta shiga maƙogwaro da hanyoyin numfashi. Wadda ba ta kai maikiron 2.5 ba kuwa tana zarcewa har can ƙuryar huhu, inda iska ke saduwa da jini. Ita ce ba a gani, ita ce ba ta saurin kwantawa, tana iya yin sa'o'i tana yawo cikin ɗaki bayan an share an goge. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta game da wannan siririyar ƙura, ta ce a cikin kowace lita 1,000 ta iska kada ta wuce maikirogiram 15 in an ɗauki matsakaicin yini guda, kada kuma ta wuce 5 in an ɗauki matsakaicin shekara. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango mutum a ƙarshen layi, mun ninka wannan ƙa'ida sau da yawa.

Kowa ya san tari da mura da jan ido na hunturu, kuma mai ciwon asma ya fi kowa sanin watan da ake ciki. Akwai kuma sanƙarau. Tun a 1963 wani likita Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya shata yankin da annobar nan take yawan faɗa wa, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, kuma muna tsakiyarsa. Ba ƙura ce ke haifar da cutar ba. Ƙwayar cuta ce da ke wucewa daga mutum zuwa mutum ta tari da atishawa, musamman inda aka cunkushe a ɗaki guda. Sai dai busasshiyar iska mai ƙura tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar ƙofa, shi ya sa annobar ke tashi da rani ta lafa da saukar damina. A 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai maganin iri biyar na ƙwayar, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka kai ta. Na kawo wannan ne domin kada wani ya fita daga nan ya ce an ce mataci yana maganin sanƙarau. Maganin sanƙarau allura ce.

To, yanzu shi matacin. Mafi ingancinsa shi ne wanda ake kira HEPA. Asalinsa daga Yaƙin Duniya na Biyu ne, lokacin da Amurka take ƙera bam ɗin nukiliya, aka bukaci abin da zai hana ma'aikata shaƙar ƙura mai guba. Bayan yaƙi, a shekarun 1950, ya shiga kasuwa, ya isa asibitoci da masana'antun magunguna, daga baya ya shiga gidaje. Sharaɗin da Amurka ta gindaya kafin a ba mataci wannan suna shi ne, ya tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3. Watau in ƙwaya 10,000 suka tunkare shi, 3 kaɗai za su tsira.

Mutane da yawa suna zaton yana aiki ne kamar rariya, abin da ya fi huda girma ya tsaya, wanda bai kai ba ya wuce. Ba haka ba ne, kuma nan ne hikimar abin take. Shi wata irin takarda ce da aka yi da zaruruwa sirara ƙwarai, na gilashi ko na roba, a cakuɗe ba tsari, kuma ratar da ke tsakaninsu ta fi yawancin ƙurar da suke kamawa faɗi. Ku ɗauka kamar kurmin ƙaya ne, garke ya shigo a guje. Babbar ƙwaya, saboda nauyinta, ba ta iya karya kwana lokacin da iska ta kauce wa zare, sai ta yi karo da shi ta maƙale. Matsakaiciya tana bin iska sawu da ƙafa, amma in ta gifta kusa da zare har gefenta ya goge shi, ta kamu ke nan. 'Yar mitsitsiya kuwa, wadda za a zaci ita ce za ta fi kowa tsira, ba ta iya tafiya miƙe sam, domin ƙwayoyin iskar da kansu suna ta bangazar ta hagu da dama, tana tangaɗi kamar wanda rana ta buga, har ta faɗa kan wani zare. Wannan tangaɗi wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya lura da shi a cikin ruwa tun 1827. Wadda ta fi wuyar kamu ita ce ta tsakani, wadda ba ta yi nauyin karo ba, ba ta kuma yi ƙanƙantar tangaɗi sosai ba, kuma girmanta yana kusa da maikiron 0.3 ko ƙasa kaɗan. Dalilin da ya sa ake gwada matacin a wannan girma ke nan. Ana jarraba shi ne a inda ya fi rauni.

Amma fa kome da farashinsa. Iyakar cunkushewar zaruruwa, iyakar wahalar da fanka ke sha kafin ta tura iska ta ciki. Domin haka ake nannaɗe takardar kamar tattarar wando, a sami fili mai yawa a ɗan ƙaramin akwati. Domin haka ne ma a Amurka yawancin gidaje ba HEPA suke sawa a na'urorinsu ba. Suna da wani ma'auni da ƙungiyar injiniyoyinsu ta fitar, ana kiransa MERV, daga lamba 1 zuwa 16, kuma mai lamba 13 shi ne aka yi ta ba da shawarar a sa lokacin annobar korona, domin yana kama mafi yawan siririyar ƙura ba tare da ya shaƙe injin ba.

Ku lura da irin gidan da aka yi wa wannan tsari. Gida ne rufaffe, ƙofa da taga duk an liƙe bakinsu saboda sanyi. Inji guda ne yake janyo iskar gidan gaba ɗaya ta bututu, ya bi da ita ta cikin mataci, ya ɗumama ko ya sanyaya, ya mayar. Wuta ba ta ɗaukewa. In matacin ya cika, bayan 'yan watanni, maigida ya sayo wani a kanti. Mu kuwa, ko a gidajen masu hali na Kano da Dutse, na'urar sanyaya ɗakin da muke kafawa a bango ba ta da wannan tsari. Ragar nan da ake zarowa a wanke an sa ta ne domin ta kare cikin na'urar daga toshewa. Siririyar ƙura tana ratsa ta kamar iska a darni. Duk wanda mai kanti ya ce masa ya sayi esi ya huta da hazo, to, sanyi kaɗai ya saya.

Wannan ya kawo mu ga jikin ɗaki. Mataci yana tsabtace iskar da aka tsare ne. In ɗaki yana shan sabuwar ƙura ta kowace kafa, sanya mataci a cikinsa kamar kwarfar rijiya ne da marmaro yana ɓuɓɓugowa. Ku dubi ginin da ya yaɗu a garuruwanmu tun da kwano ya samu shiga: bulo siriri, rufin kwano ba sili, rata tsakanin bango da kwano wadda har tsuntsu ke shiga, taga mai faranti-faranti da ba ta rufuwa ruf, ƙofar ƙarfe da ta bar taki guda a ƙasa. Da rana tanda, da dare randa, ga ƙura ta ko'ina. Sa'an nan ku dubi ɗakin soro na kakanninmu, da tubali da azara. Bango mai kauri yana shan zafin rana ya riƙe, ya sake shi cikin dare lokacin da ake bukata. Taga 'yar ƙarama ce, can sama. Kafin iska ta kai ɗakin kwana sai ta bi ta zaure, ta karya, ta bi ta shigifa, ta sake karyawa, ta tarar da katanga ko zana, sa'an nan ta tarar da asabari da labule a bakin ƙofa. Kowace karyawa tana rage mata gudu, kuma iska in ta rasa gudu sai ta zubar da kayan da ta ɗauko. Maginan nan ba su san maikiron ba, amma sun san hunturu. Haka ma amawalin rawani da Buzu ke ja ya rufe hanci da baki, mataci ne, ko da yake manyan ƙwayoyi kaɗai yake tarewa.

Ba ina cewa a rushe bulo a koma ga tubali ba. Ina cewa ne wanda yake da kuɗin sayen mataci, ya fara kashe su wajen yin sili, da toshe ratar kwano, da sa wa ƙasan ƙofa tsumma ko roba, da shara da danshi maimakon busasshiyar tsintsiya mai tayar da abin da ya riga ya kwanta.

Sai dai a nan akwai tarko, kuma shi ne abin da ya fi damuna a duk wannan magana. Ɗakin da aka toshe domin hana ƙurar waje shiga, ya kuma hana hayaƙin ciki fita. Hayaƙin itace da na kara da na kashin shanu kusan dukansa siririyar ƙwaya ce, irin mai kaiwa ƙuryar huhu. Hazo wata huɗu ne ko biyar, murhu kuwa kullum ne, safe da yamma, kuma wadda take tsugune a gabansa mace ce, sau da yawa da goyo a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, daga ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000, galibi ta hanyar ciwon huhu. In aka tambaye ni wanne ya fi yi wa mutanen Roni da Yankwashi illa, hazon Bodele ko hayaƙin madafa, ni kam zan nuna madafa. Hazo ba mu da iko da shi, daga wata ƙasa yake zuwa. Murhu kuwa mu ne muka jera duwatsunsa. A fitar da girki daga ɗakin kwana, a buɗe wa madafa mafitar hayaƙi a sama, a bar itace ya bushe kafin a hura, a nemi ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan, wanda ya samu halin gas kuma ya koma gas, yaro kuma a ajiye shi nesa da wuta.

Akwai kuma abin da babu matacin ƙura a duniya da yake kamawa. Garwashin da ake zubawa a kasko a shiga da shi ɗaki saboda sanyi, da janareton da ake tayarwa a baranda ko a zaure domin tsoron ɓarayi, duka suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ba ƙwayar ƙura ba ce da za ta maƙale a zare, iska ce, tana wuce HEPA kamar babu shi. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da ke raya jiki, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya ɗauka barci ne. Ana samun iyali gaba ɗaya da safe a kwance. Saboda haka duk wanda zai toshe ɗakinsa bisa shawarar da na bayar ɗazu, sharaɗin shi ne kada wuta ta kwana a ciki.

In an yi waɗannan biyu, to, yanzu mataci yana da wurin zama. Kuma ba lalle sai mai tsada ba. A 2020, cikin annobar korona, waɗansu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, suka fito da wata dabara mai sauƙi: a haɗa matatai huɗu masu lamba 13 su zama bangon akwati, a rufe ƙasa da kwali, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama, a liƙe gaɓoɓin da salatif. Fanka tana jan iska ta bangon huɗu tana fitarwa ta sama. An gwada shi a ɗakunan bincike, an ga yana gogayya da na'urorin kanti da suka ninka shi tsada. Darasin da ke ciki shi ne, yawan iskar da aka tace a sa'a guda ya fi muhimmanci a kan tsananin ingancin takardar.

Ga lissafin. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3, yana ɗauke da iska lita 48,000. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa sabunta ko tace iskar ɗaki aƙalla sau 5 a sa'a. Ke nan ana bukatar abin da zai tace lita 240,000 a sa'a, kuma fanka mai cin wat 50 ko kusa da haka tana iya wannan. In ta yi sa'a 8 tana aiki cikin dare, ta ci wutar da farantin hasken rana guda matsakaici da batir za su iya tarawa a yini. Abin dariyar shi ne, hazon da ake yaƙa shi ne kuma yake dusashe rana ya lulluɓe farantin, sai an riƙa gogewa. Ba na ganin hikima a ce za a tace gida duka. Ɗaki guda ya isa, inda jariri yake kwana, ko tsoho mai tari, ko mai asma. A wajen hukuma kuwa, ɗakin haihuwa da ɗakin yara na asibitocin karkara su ne ya kamata su fara samu, kafin ofishin kowane babba.

Abu biyu zan gargaɗi mai saye a kansu. Takardar HEPA ba a wanke ta. In ruwa ya taɓa ta zaruruwan sun lalace, ko da ido ya ga ta yi fes. A ƙasa mai ƙura irin tamu za ta cika da wuri fiye da yadda aka rubuta a kwalinta, sai dai a sa mata ƙyalle ko soso a gaba wanda zai tare manyan ƙwayoyi, shi a riƙa wanke shi. Na biyu, akwai na'urorin da ake tallatawa da sunan tsabtace iska waɗanda ba mataci a cikinsu, wata iska suke fitarwa mai suna ozon, wadda ita kanta tana ƙona hanyoyin numfashi. A bar su a kanti.

Bayan ɗaki akwai gari. Itatuwa ba za su tare hazon da ya taso daga Chadi yana tafe can sama ba, amma suna karya iskar ƙasa mai kwasar rairayin gona da ƙurar hanya tana watsa wa gidaje. Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ni dai in za a shuka, ina roƙon kada a manta da gawo. Shi ne itacen da yake zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, sa'an nan ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da iskar arewa take kaɗawa.

Saura aikin da ya rataya a wuyanmu, mu na makarantu. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, a Babura kuma akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Na'urar auna siririyar ƙura yanzu ta zama 'yar ƙarama, ana riƙe ta a tafin hannu. Ina son in ga ɗalibi ya ɗauki guda uku ya tafi Achilafiya a watan Janairu, ya ajiye ɗaya a ɗakin soro, ɗaya a ɗakin kwano, ɗaya a madafa, ya bar su mako biyu, ya dawo mana da lambobi. Ina son wani ya gwada auduga, da saƙi, da soson katifa, da zaren rama, ya gaya mana kashi nawa kowanne yake tarewa da kuma irin nauyin da yake ɗora wa fanka, domin matacin da sai an yi odarsa daga waje da dala ba zai kai shekara biyu a gidan talaka ba. Maƙeranmu na kwano da masu walda suna iya haɗa akwatin da fankar, abin da suke jira shi ne a ba su awo.